Goggo da Koren Hasken Biki

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Goggo, yayar mahaifinmu, ta rasu a ƙarshen daminar bana, a ɗakinta da ke gidanmu na Zongon Kwatano.

An kafa rumfa a von ɗinmu, wato lungun da ya bi ta ƙofar gida, aka toshe hanya, 'yan zem, masu haya da babur, suna zagayawa ta baya suna tsaki. Ni ina ciki wajen mata ina karɓar gaisuwa. Wadda ta shigo sai ta durƙusa ta ce, "Allah Ya jiƙan Hajiya. Mutuniyar kirki, sai dai akwai faɗa." Ta bayanta ma haka. Wata har da 'yar dariya, ta ce yanzu masu biki za su sarara. A gabana ta faɗa, ina riƙe da carbin marigayiyar.

Waɗanda suka yi kuka na gaske ba 'yan unguwa ba ne. Tsofaffin abokan aikinta sun tsallako gada daga Akpakpa, wasu daga Agontinkon, yawancinsu Kiristoci, sun aro mayafai sun yafa a karkace, suna kuka da yarensu. Sai wani dattijo Bafulatani mai fataucin shanu, wanda ya tsaya a bakin zaure ya ƙi zama. Ya sa yatsa a ƙarƙashin idonsa na hagu ya ce da ni, "'Yata, wannan idon nata ne. Ƙaho ya taɓa ni, na zuba masa ruwan taba. Ita ta wanke, ta ja ni asibiti da ƙafarta, tana zagina tun daga nan har can." Ya share fuska da hannun riga ya tafi, ko ruwa bai sha ba.

A waje kuwa, a kujerar gaba, Baffa ne, ƙanin Goggo kuma ƙanin mahaifinmu, babban gidanmu a yanzu. Yana cikin farar babbar riga yana gaya wa kowa cewa Yaya ce ta goya shi, ba shi da kamarta. Gaskiya ya faɗa, ta goya shi. Rumfar tasa ce, kujerun nasa ne, lasifikar da ake addu'a da ita ma tasa ce, don hayar kayan biki ita ce sana'arsa.

Ƙanwata tana kusurwar ɗaki. Duk wadda ta gaishe ta, sai ta karkata kai gefe kafin ta gane ko wace ce. Babu wadda ta tambayi dalili, don babu wadda ba ta sani ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan. In na yi shiru, nan da 'yan shekaru abin da zai rage na Goggo a bakin mutane shi ne wata tsohuwa mai neman rigima a bikin jama'a.

Kakanmu fataucin goro ya gada, kuma a zamaninsa ba a kai 'ya mace lakwal, wato makarantar boko, a Zongo. Amma ya kai Goggo, aka yi ta surutu, ta yi karatun jinya, ta yi aiki a sashen ido har ta yi ritaya. Allah bai ba ta haihuwa ba. Da mahaifinmu ya rasu, mahaifiyarmu ta bi shi ba da daɗewa ba, ita ta kwashe mu, ni da ƙanwata, zuwa ɗakinta.

Gaisuwar Goggo daban ce. Kana cikin tambayarta kwana, ta riga ta sa babban yatsa ta ja fatar idonka ƙasa tana leƙawa. Ba ta bar liman ba, ba ta bar mai kawo ruwa ba. In ta ga yaro yana murza ido sai ta doke hannun ta ce, "Biyu aka ba ka. Je ka zagaye kasuwar Dantokpa kaf, ka gani ko ana sayar da na uku." Ita ta gano tun ƙanwata tana ƙarama cewa idonta na hagu rarrauna ne, da na dama take gani sosai. Takan ce mata, "Ke dai ɗaya gare ki da ɗan ƙari. Ki riƙe shi da kyau."

Ba zan ce ba ta da laifi ba. Harshenta kaifi gare shi, kuma ba ta iya cewa ta yi kuskure. Ta taɓa kwashe kwallin wata maƙwabciyarmu ta watsa a kwata, wai gauraye yake da abin da ke cin ido, daga baya ta gane ba shi ne ya jawo ciwon da take zargi ba. Ba ta ce a yi haƙuri ba. Ta dai yi mako tana aika wa matar tuwo da miyar kifi, har matar ta aiko cewa ya isa haka.

Sai aka fara shigo da 'yan sandunan nan masu kama da alƙalami, waɗanda ake dannawa su fitar da siririn haske kore. Lazer ake ce musu. A Dantokpa ana zuba su a faranti ɗaya da makulli da tsinken sakace. Goggo ta san lazer tun a wurin aiki, inda likita yake liƙe abin da ya yage a cikin ido da shi. "Abin da likita sai ya auna, ya sake aunawa, ya yi bisimilla kafin ya kunna," in ji ta, "shi aka miƙa wa yara su yi wasan ɓuya." Duk wanda ta kama a hannun yaro, ta ƙwace ke nan. Iyaye suna zuwa karɓa, tana kora su.

Ana cikin haka Baffa ya dawo daga tafiya da babban ɗan'uwan sandunan nan: wani baƙin akwati mai fesa layukan haske kore suna juyawa suna rawa. Babu mai irinsa a Zongo. Ya ce a bikin 'yarsa za a fara kunna shi, kowa ya gani.

Goggo ta aika a kira shi. Kowa Alhaji yake ce masa, ita kaɗai take kiransa Ɗan'auta. Bayan magariba ta hau da shi saman bene, ni ina biye da su da baƙar leda da ta ce in riƙo. Ta ciro ɗaya daga cikin sandunan da ta ƙwace, mai ƙarfin cikinsu. Ta sa na rataye ledar a igiyar shanya, ta ce mu koma bayanta, ta haska daga kusa. Ɗigon bai fi ƙwayar gero ba. Kafin Baffa ya gama gyara hula, ledar ta yi hayaƙi ta huje.

"Ka gani?"

"Na gani, Yaya."

Sai ta juya ta auna bangon wani sito da ke can ƙarshen von, inda babu taga babu mutum. Muka ƙura ido. Ɗigon ya buɗe ya kai faɗin faifai, ya koɗe, gefensa ya yi dishi-dishi.

"Haske ɗaya ne," in ji ta. "Ban rage masa komai ba. Yana tafiya yana buɗewa a hankali. In nisa ya ninka, faɗinsa ya ninka, abin da ke sauka a wuri ɗaya ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ga kuma laimar teku da hayaƙin babura suna cin rabonsu a hanya. Kamar cokalin barkono ne. Zuba shi a tukunyar biki, kowa ya ci lafiya. Zuba shi a ido fa?"

Baffa ya yi dariya. "To ai shi ke nan, Yaya. Ashe mutuwa yake yi."

"A can yake mutuwa, Ɗan'auta. A can! Wanda ke tsaye a bangon sito, ɗan kaɗan ne zai shiga ƙwayar idonsa, sauran ya zube a fuska da bango, kuma ko shi sai ya dashe masa gani. Wanda ke nan kusa, duka zai shige, idon kuma ya ƙara tattara shi wuri guda kamar yadda gilashi ke tattara rana ya ƙona takarda. Wannan ɗan tsinke ne. Naka ya fi shi nesa ba kusa ba. Don fili aka yi shi, a ɗaga shi sama da kan mutane, a ba shi nisa. Kai kuma a lungu za ka kunna, a ƙarƙashin rumfa."

"Wanda ya sayar mini ya ce ba ya komai."

"Wanda ya sayar maka 'yarsa za ta zo bikin?"

Ya ce ya ji, za a ɗaga. Ya sauka yana amsa waya.

Ranar biki ba a ɗaga ba. Rumfar gajeriya ce, in an auna sama hasken yana ƙarewa a jikin tamfol, ba a ganin adonsa. Sai dije, mai kula da kiɗan, ya ɗora akwatin a kan tebur daidai fuskar mutane, ya saki hayaƙi don layukan su fito. Jama'a suka yi shewa. Goggo ta ratsa tsakiyar fili da sandarta ta fizge wayar daga soket. Kiɗa ya mutu, komai ya mutu. Aka taso mata. "Haba Hajiya, ranar farin ciki ce!" Baffa ya zo yana murmushin da ake yi saboda baƙi, ya rantse mata ba za a sake kunnawa ba, mata biyu suka riƙe ta suka kai ta ciki. Tana tayar da sallar magariba aka mayar da wayar.

Ƙanwata tela ce, kuma gwanar aikin hannu. Ita ta ɗinka kayan amarya, ta yi wa wuyan rigar surfani da zare mai ruwan zinariya wanda har yau ake magana a kai. Amarya ta fito rawa, gefen mayafinta ya maƙale, ƙanwata ta ruga ta sunkuya gaban teburin tana gyarawa. Abin da ke juya hasken a cikin akwatin ya ɗan cije, layukan suka tsaya cik wuri ɗaya. Ta ɗago kai.

Ta ce ba ta ji zafi ba. Walƙiya ce kawai, sai wani tabo da ta ɗauka zai wuce. Washegari da safe na same ta da allura a hannu, zare a ɗaya hannun, tana ta kai shi yana wucewa.

"Yaya," ta ce da ni, "duk abin da na kalla, tsakiyarsa babu."

Idon dama ne.

Likitan da ya duba ta ya yi aiki tare da Goggo tun yana sabon zuwa, Mama yake ce mata. Ya juyo mata hoton cikin idon a allo, don ya san ta iya karantawa. Ƙuna ce a daidai tsakiya, wurin da ake zura allura da shi, ake gane fuska da shi. Ya ce kumburin zai sauka, za a ɗan samu sauƙi, amma abin da ya ƙone ba ya tsirowa. Goggo ta fito baranda, ta wuce benci, ta zauna a ƙasa a kan siminti. Ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar, ko a mutuwar mahaifinmu ban gani ba.

Aka tara dangi a falon Baffa. Goggo abu biyu ta nema: ya daina ba da hayar akwatin sai a fili kuma a sama, sannan ya buɗe baki ya ce wa yarinyar nan ya yi kuskure. Baffa ya gyara zama ya ce ƙaddara ce, babu mai tsallake abin da aka rubuta masa. Sannan ya ƙara da maganar da har gobe ba zan manta ba.

"Kuma Yaya da bakinta ta ce hasken nan mutuwa yake yi. A saman bene ta nuna mini. Ga shaida nan." Ya nuna ni.

Na ce, "Baffa, ba haka ta ce ba." Wani dattijo ya daka mini tsawa, wai ana maganar manya.

Goggo ta miƙe. "Na ba ka magana guda, ka gutsuri rabin da zai yi maka kasuwa ka tofar da sauran. Ƙaddara ce ta ɗora shi a tebur? Ƙaddara ce ta jira na kabbara ta mayar da waya? Kada ka jingina wa Ubangiji abin da ka yi da hannunka ana gaya maka!"

Dattawa suka yi ta "a rufa asiri, a rufa asiri." Asirin wa? Na yarinyar da duk Zongo ta ga an riƙo hannunta daga asibiti? Abin da suke nufi, in Baffa ya amsa laifi, babu mai sake hayar akwatin. Ya ce zai ɗauki nauyin magani, ya kuwa ɗauka, kuma ya tabbatar kowa ya ji cewa ya ɗauka.

Goggo ta je wurin mai unguwa, ya ce maganar gida ce. Ta je wurin liman, ya saurare ta da kyau, ranar Juma'a ya yi huɗuba a kan falalar haƙuri da riƙon zumunci. Ta ɗaura mayafi za ta kumsariya, wurin 'yan sanda, sai ƙanwata ta riƙe mata ƙafa.

"Goggo, ki bari. Ba zan tsayar da ƙanin ubana gaban hukuma ba. A gidan nan nake kwana."

Goggo ta cire mayafin ta ninke. "Idonki ne," ta ce. "Ke ke da magana." Ba ta sake tayar da zancen hukuma ba.

Amma ba ta zauna ba. Ta sayi wata ƙatuwar baƙar lema. Duk bikin da ta ji an kai akwatin, ko irinsa, don kafin shekara ta zagayo wasu ma sun sayo, sai ta tafi ko an gayyace ta ko ba a gayyace ta ba. In ta tarar an ɗaga shi sama da kai, ta yi wa amarya addu'a ta dawo. In ta tarar da shi a tebur, ta ja kujera ta zauna a gabansa, ta ba shi baya, ta buɗe lemar ta tare hasken. Ba ta zagin kowa. In an yi magana ta ce, "A ɗaga, in tashi." Tsohuwa mai ciwon gwiwa, a tsakiyar kiɗa da hayaƙi, samari suna ɗaukarta a waya suna dariya. Hajiya Mai Lema suka sa mata. An taɓa ɗaga ta da kujerar gaba ɗaya aka ajiye a bakin titi. Ta sauka, ta kakkaɓe zane, ta koma.

Gayyata ta ɗauke. Matan da ta wanke wa 'ya'yansu ido kyauta suka riƙa aurar da 'ya'yan ba su gaya mata ba. Su ne kuma, in yaro ya dawo yana cewa yana ganin tabo, suke lallaɓowa ta ƙofar baya da rana tsaka, lokacin da kowa ke kasuwa. Ba ta taɓa kora ko ɗaya ba, ba ta kuma taɓa fasa musu faɗa ba. Wasu masu kiɗan suka koyi rataye akwatin a saman ƙarfe da zarar sun ji an ce tana tafe. Ba don sun yarda ba, don kada ta ɓata musu fili. Ta ce ita ba yardarsu take nema ba, a dai ɗaga. Yara nawa wannan ya tsare? Babu wanda zai iya sani, don wanda bai makance ba ba ya zuwa godiya.

A gida kuwa wata Goggo ce daban. Ƙanwata ta rufe keken ɗinkinta da zane ta daina fita. Goggo ba ta yi mata wa'azi ba. Kullum da safe bayan ta idar da lazimi sai ta sa tabarau, ta zura zare a allurai launi-launi, ta jera su a jikin wani ɗan matashi, ta zura na keken ma, ta ajiye a inda ƙanwata za ta yi tuntuɓe da su. Aka daɗe ba a taɓa ba. Ita kuma ba ta fasa ba, ko da zaren jiya yana nan sai ta zare ta sake. Ran nan muka ji keke yana kuka. Goggo tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba, sai dai na ga hannunta ya tsaya a cikin tiren. Daga baya ta koya mata kallon ɗan gefen abu maimakon tsakiyarsa, don ta yi aiki da wurin da ya rage lafiya. Yanzu ƙanwata tana ɗinka labule da zanen gado, miƙaƙƙen ɗinki. Surfani ya tafi.

Ciwon ajalinta bai daɗe ba. Da jiki ya yi nauyi, wata la'asar Baffa ya shigo ɗakin, rabonsa da shi tun ranar taron dangi. Ni ina zaune a bakin gado, ƙanwata tana bayansa kusa da ƙofa da kofin kunu a hannu. Ya durƙusa, ya kama hannun Goggo. Ban ce ƙarya yake ba. Yana son ta, a yadda ya iya.

"Yaya, ki yafe mini."

Ta buɗe ido ta dube shi. "Ɗan'auta, abin da ka yi mini, na yafe. Rantsuwar da ka yi mini ta ƙarya, da maganata da ka murɗe a gaban mutane, da dariyar da aka yi mini, duk na yafe, duniya da lahira." Ta numfasa. "Ido ba nawa ba ne. Ga mai shi nan a bayanka. Juya."

Ina jin mai tallan burodi yana wucewa a von. Baffa ya daɗe a durƙushe yana kallon tabarma. Sai ya saki hannun, ya miƙe, ya tattara babbar rigarsa ya ce, "Allah Ya ƙara sauƙi, Yaya." Ya nufi ƙofa. Ƙanwata ta matsa ta ba shi hanya, ta ɗago ta dube shi kai tsaye, ta manta ba ta karkata ba, don haka ba ta ga fuskarsa ba. Ya wuce.

Ta tsaya tana sauraro har ƙarar takalminsa ta ɓace. Sannan ta juyo wajena ta ce a hankali, "Yaya, ya yi magana ne ban ji ba?"

Goggo ce ta amsa, idonta a rufe. "Bai yi ba, 'yar nan. Kawo kunun."

Allah Ka jiƙan Goggo, Ka yafe mata kaifin harshenta, Ka karɓi abin da ta tsaya a kai ita kaɗai. Mu da muka rage, Ka ba mu ko da rabin ƙarfin halinta. Amin.